Ladan Direban Babbar Mota: Magana Ga Malamai Da Fatake Na Ƙasar Gwandu

Yau za mu ɗauko maganar ladan mutumin da ke jan babbar mota, da irin halin da ya ke yin aikinsa a ciki. Ƙasar Gwandu ta fi ƙasashe da yawa bukatar a zauna a kan wannan magana, domin jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mata ba. Ya iso Kano a 1911, reshensa na yamma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, nan kuwa ya tsaya. Saboda haka tun ran da jaki da takarkari suka gaza da kayanmu, duk buhun albasa ko na shinkafa da zai bar ƙasar nan ba shi da mafita sai bayan mota. Haka kuma gishiri da siminti da takin zamani, ba su iso mana sai wani ɗan Adam ya kwana biyu ko uku yana riƙe da sitiyari.

Albasar Gwandu tsohon suna gare ta. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarkin Gwandu Halilu, sai da ya yabe ta a labarin tafiyarsa. Yau albasar Gwandu da ta Aliero da ta Jega ita a ke jira a kasuwar Mil 12 ta Ikko, watau Legas, da kasuwar Bodija ta Badun. Kalgo kuwa mararraba ce: hanya ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi Jega, ɗaya ta bi ta Bunza har Kamba, bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Tun watan Nuwamba na 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance, lodin shanshera daga fadamun Kalgo da Bunza da Suru ya ƙaru a kan waɗannan hanyoyi.

Motar da ta yi lodi za ta kurmi, daga Jega sai Koko, sai Yawuri, sai Kwantagora, sai Mokwa, ta ƙetare Kwara a Jebba, sa'an nan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, kana Ikko. Tafiyar ta haura kilomita 800. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta yanka wa tirela da tanka gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: ko da babu rami ko ɗaya, babu shinge, babu tsayawa salla ko cin abinci, awa goma sha shida ke nan mutum na zaune bisa kujera ɗaya, inji na huci ƙarƙashinsa.

A zamanin ayari, sa'ad da Jega ke cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, fatake na bi ta wannan ƙasa su ƙetare Kwara su nufi Gwanja saro goro, mai kaya tare da kayansa ya ke tafiya. Ranar da ta doki ɗan alaro ita ta doki ubangidansa, in 'yan fashi suka fito kowa ya ja kwari da baka. Madugu shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, sa'an nan a raba wa kowane falke gwargwadon yawan kayansa. Yanzu fa? Mai kaya na zaune a rumfarsa da waya a hannu, mai mota na Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano, direba shi kaɗai ya zama madugu, ya zama jagaba, ya zama ɗan alaro, kuɗin fito kuma daga aljihunsa su ke fita.

Ba bai ɗaya a ke biyan direbobi ba. Akwai na manyan kamfanoni masu jigilar siminti da mai, waɗanda su ke da takardar ɗauka aiki da albashin wata. Amma wanda za ka tarar a tashar Jega ko bakin kasuwar albasa, galibi motar wani alhaji ya ke ja, mai mota ɗaya ko biyu ko biyar, tsakaninsu kuwa babu takarda, sai "ga makulli, Allah ya tsare". Wani a kan yanka masa ɗan albashi na wata, wanda sunansa ya fi shi girma, a haɗa masa da kuɗin hanya duk tafiya. Wani ba shi da albashi sam, sai an dawo an cire kuɗin mai da na gyara a ba shi kaso. Wani kuma balas ya ke kawowa, watau an yanka masa abin da zai miƙa wa mai mota, ya samu ko bai samu ba.

Ku dubi kuɗin hanyar nan da kyau, domin nan ne maganar ta ke. A dunƙule a ke danƙa wa direba su ran tashi. Daga cikinsu zai ci, ya ciyar da yaran mota. Daga cikinsu zai biya mai faci in taya ta fashe, ya sallami ɗan kamasho, ya biya kuɗin tasha, ya yanki rasit na wannan ƙaramar hukuma da na waccan, waɗansu rasit ɗin ma ba a san hukumar da ta buga su ba. Tun 1998 aka yi doka ta ƙasa wadda ta hana a kafa shinge bisa hanya don karɓar haraji, amma duk wanda ya taɓa bin motar kayan gwari zuwa kurmi ya san katakon nan mai ƙusoshi da a ke ja a tare hanya da shi. Ban da wannan ga na goro a shingayen masu kaki, ga 'yan tasha a kasuwar da za a sauke. Abin da ya saura bayan duk wannan, shi ne direba zai kai gida. Watau ladansa ragowa ce, ba shi ya san yawanta ba, ba kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya sani ba, sai hanya ta gama cin nata. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓe kuɗi.

Sa'an nan kuɗin hanya ba su san kwana ba. A misali, an ba mutum su bisa zaton zai je ya komo cikin kwana shida. Ya sauke a Ikko, bai sami lodin komowa ba, ya zauna a zangon tireloli na Ogere yana jiran dillali ya kira shi, kwana shida suka zama goma. Kwana huɗun nan daga bakin 'ya'yansa aka cire su. Wannan kuwa a lokacin lafiya ke nan. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, ta karye, motoci suka yi jerin gwano ba gaba ba baya. A ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta auka wa Mokwa, ta halaka mutane fiye da 150, Allah ya jiƙansu, ta kuma yanke hanyar. A Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta hana kai kaya kurmi har farkon Maris, aka tsayar da motoci da kayansu a wajen Jebba. Ta wajen iyaka ma haka: an rufe iyakokin ƙasa a Agusta na 2019, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A kowanne daga cikin waɗannan an yi ta faɗin asarar 'yan kasuwa, gaskiya ne kuwa sun yi asara. Amma mutumin da ya yi ta kwana ƙarƙashin mota yana gadin kayan da ba nasa ba, sauro na cinsa, ba a ji wanda ya lissafa kwanakinsa ba.

Man gas ma ya sa nasa hannu. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, kafin shekarar ta fita ta kai wajen 800, a 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin jigila sun hau, masu kaya sun shaida. Sai dai wanda ladansa kaso ne bayan an cire kuɗin mai, duk hawan da mai ya yi a jikinsa ya ke fara sauka.

To, ya ku malamai, ga inda maganar ta shigo zaurenku. Yaron da ya kai Risala ya san babin ijara, ya san ba ta inganta sai an ambaci lada, an kuma san ajali ko aikin da za a yi. Ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da surukinsa na Madyana, wadda ke cikin Suratul Ƙasasi, malaman fiƙihu kan kafa hujja da ita a wannan babi, ga shi kuwa a cikinta an faɗi adadin shekaru tun kafin a fara kiwo. Ladan da ba a saninsa sai an komo an ƙirga abin da hanya ta rage, wane suna ke gare shi in ba garari ba?

Abin mamaki, mas'alar motar nan tana nan cikin littattafanmu tun ba a ƙera mota ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, an kawo mas'alar mutumin da ya ba wani dabbarsa ya je ya yi sufuri da ita, a kan duk abin da aka samu a raba biyu. Malikiyya sun lissafa wannan cikin ɓatacciyar ijara, saboda rashin sanin lada. In kuwa ya riga ya auku, hukuncinsa shi ne abin da aka samu na mai aikin ne, shi kuma ya biya mai dabba kuɗin hayar irin dabbarsa. Ku cire raƙumi ku sa Daf, mas'ala ba ta sauya ba. Hanbaliyya sun halatta irin wannan rabo, sun kwatanta shi da ƙiradi, inda wani ke kawo dukiya wani ya kawo jiki. Ba aikin wannan fili ba ne ya raba gardama tsakanin mazhabobi, kuma al'ada ta riga ta bi hanyar kaso a tashoshinmu. Amma ko a wurin waɗanda suka halatta, sharaɗi ne a san kason, rabi ne ko sulusi ko rubu'i. Yaya kuwa mutum zai san rubu'in kuɗin da bai ga an ƙirga ba? Sau da yawa mai mota da dillali ke gama cinikin lodi ta waya, kuɗi su shiga banki, direba sai dai a ce masa kaza aka biya, kaza aka kashe.

Mas'ala ta biyu ita ce haɗa aiki da lokaci cikin ƙulli ɗaya. Malamai kan buga misali da maɗinki, a ce masa ya ɗinka riga kaza cikin yini kaza. Malikiyya sun yi saɓani a kan ingancin wannan, musamman in lokacin ya matse har ba tabbas aikin zai shiga cikinsa, domin in yini ya ƙare aiki bai ƙare ba, ba a san da wanne za a yi hukunci ba. Mai albasa da ke cewa lalle kayansa su iske kasuwar jibi da asuba, in ba haka ba a cire a cikin kuɗin jigila, shi ma aiki da lokaci ya haɗa. Mun san dalilinsa: albasa mai rai ce, in ta sha zafi cikin buhu sai ta fara ruɓa daga tsakiya, kuma farashi a Mil 12 na motar da ta riga shiga ne. Amma lokacin da ya yanka, babu yadda za a cika shi sai direba ya sayar da barcinsa.

Ta uku ita ce lamuni, watau wa zai biya in kaya sun lalace. Asali ɗan ijara amintacce ne, ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Malikiyya sun keɓe mai ɗaukar abinci, suka ce shi ya kan lamunta, domin abinci abu ne da hannu ke saurin kai masa, sai fa in akwai shaidar cewa ba laifinsa ba ne, ko mai kaya na tare da kayansa. Na ji waɗansu masu motoci na riƙe da wannan su na zaftare ladan direba. Amma a duba: wa ya ƙulla cinikin ɗaukar kaya da mai albasa, ya karɓi kuɗin jigila? Mai mota ne. Direba ɗan ijararsa ne shi, kamar yaron maƙeri a maƙera, littattafan kuwa sun ɗauke wa yaron mai sana'a lamuni. Balle in gada ce ta karye ko hukuma ta rufe iyaka, abin da duniya duk ta shaida. Malamai sun fi mu sanin rassan wannan mas'ala, mu dai mun ajiye ta gabansu.

Dokar gwamnati fa, me ta ce? A 2019 an yanka albashi mafi ƙanƙanta naira 30,000 a wata, a Yuli na 2024 aka mai da shi 70,000, gwamnatin Jihar Kebbi kuma a Oktoba na 2024 ta yanka wa ma'aikatanta 75,000. Sai dai dokar ta 2019 ta toge wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma toge wanda a ke biya da kamasho ko gwargwadon aikin da ya yi. Direban alhaji mai mota uku, wanda a ke biya duk tafiya, ya faɗa cikin togaciyar nan ta ƙofa biyu. Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Wanda ba shi da takardar ɗauka aiki, da wane suna zai je can? Inshorar da a ke nuna wa 'yan sanda a hanya, mafi yawanta ta wanda mota ta buge ce, ba ta rufe wanda ke jan motar ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana nan tun 1978, masu motoci kuma su na da tasu, NARTO. Direbobin tanka, da ya ke reshe ne su na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, in sun ajiye makulli ƙasa duk sai ta ji a jikinta, saboda haka a kan saurare su. Direban albasa in ya ajiye makulli, kafin la'asar wani ya ɗauka.

Kada a ce Nijeriya kaɗai ke da wannan ciwo. A Amurka direbobin doguwar hanya da yawa da mil a ke biyansu, kukansu kuwa iri ɗaya ne da na mutanenmu, watau awowin jiran lodi da sauke kaya da ke tafiya a banza. Bambancin shi ne can an ɗaure lokacin tuƙi da doka mai haƙora: a Amurka awa 11 bayan hutun awa 10, a ƙasashen Tarayyar Turai awa 9 a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura cikin mota mai rubuta tafiya da tsayawa, ba ta san alfarma ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1979 ta yi yarjejeniya a kan haka. Mu ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana yi wa direbobi gargaɗi su huta bayan awa huɗu, ta kuma fara tilasta sa na'urar rage gudu a motocin haya a 2017. Amma gargaɗi ba ya biyan kuɗin kwana. Mutumin da kowace awa ta hutu daga ragowarsa a ke cire ta, da wane kunne zai ji?

Daga nan ne abubuwan da a ke zagin direbobi a kansu su ke tsirowa. Wanda ya kamata ya kwana a Kwantagora sai ya zarce, ya tauna goro, ya sha shayi mai kauri, in ba su yi ba a miƙo masa ƙwaya. Taramadol ta shiga tashoshinmu ta wannan ƙofa, ta shiga a matsayin maganin gajiya, ta zauna a matsayin uwar gida. Haka ɗaukar fasinja bisa kaya. Kowa ya ga tirela ta tashi daga ƙasar nan da albasa ko shanu, samari 'yan ci-rani tsugune a sama kamar balbelu. Hukuma ta hana, dalilinta kuwa a fili ya ke, domin ran da irin motar nan ta faɗi, gari guda ke zaman makoki. Amma kuɗin fasinjan nan su ne kaɗai kuɗin da direba ya san nasa ne, ba mai yi masa lissafinsu. Mai motar da ya rage kuɗin hanya yana cewa "ai zai ɗauki na sama", to ya sani yana da kaso cikin abin da zai biyo baya.

Ba mu ce direbobi duk waliyyai ne ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai zuƙe man tanki ya sayar a bakin hanya, akwai mai ƙirƙiro lalacewar inji su raba da bakanike, akwai mai yin lodin gefe ya ɓoye. Masu motoci ma na da nasu kuka na gaskiya, tun da taya da kayan gyara da dala a ke sayo su, wani kuma bashi ya ci ya sayi motar, tafiya ɗaya in ta ɓaci sai ya shekara bai miƙe ba. Amma a lura, duk wannan zargi da a ke yi wa juna, duhun lissafi ne ke ciyar da shi. Mai mota na rage kuɗin hanya don yana zaton za a sace, direba na ɗiba don ya san an rage.

Akwai kuma wanda ya fi direba zama abin tausayi, shi ne yaron mota, wanda bakin duniya ke kira karen mota. Shi ke ɗaura tamfol, shi ke sa waigi ƙarƙashin taya in mota ta tsaya a hawa, shi ke kwana bisa kaya cikin hunturu. Ladansa abinci ne da fatan wata rana a ba shi sitiyari. Imamu Malik ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan ci da sutura, gwargwadon abin da aka saba ga irinsa, saboda haka asalin abin ba laifi. Amma koyo ba ya zama ba shi da ajali. Yaro ya shekara bakwai a bayan mota, ya iya ja, yana karɓar ubangidansa cikin dare tsakanin Yawuri da Koko, ba lasin, ba ranar yaye. Da yawa daga cikin yaran nan daga makarantun allo suka fito, malamansu sun san sunayensu da garuruwan iyayensu.

Ku kuma fatake, kada ku ɗauka wannan magana tsakanin mai mota da direbansa ce kawai. Kuɗin da aka hana direba, ku ke biyansu ta wata hanya: a buhunan da suka ruɓe don ya tsaya neman fasinja, a motar da ta kife don barci ya sace shi, a man da ya ƙare a dokar daji don an sayar da rabinsa. Falken da ke matsa kuɗin jigila har ƙashi, ya yi murna ya ci riba, bai san wa aka matsa a ƙarshe ba. An fara sabuwar babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry a 2024, wadda za ta ratsa Jihar Kebbi. In Allah ya nufa ta ƙare, tafiya za ta ragu, amma kwalta ba ta rubuta yarjejeniya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da mu ke gani, rabin takarda ya isa, da ajami ma, tun da direbobinmu da yawa ajami suka fi iyawa. A rubuta ladan direba daban, adadi sananne, na wata ko na tafiya, wanda hanya ba ta taɓa shi. Kuɗin hanya su zama amana, ya komo ya ba da lissafi, in sun yi saura na mai mota ne, in sun gaza a cika masa. In kaso aka zaɓa, to a kira direba ya ji cinikin lodi da kunnensa. Sa'an nan a yanka kwanakin tafiya bisa abin da ɗan Adam ke iyawa da barcinsa, kwanan da ya ƙaru ba da laifinsa ba a biya shi, mai kaya ya ɗauki rabonsa in shi ya jawo jinkirin saukewa. Shaidu biyu, shugaban tasha da wani dattijo cikin dillalai, sun wadatar. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ladan da aka jinkirta har a komo daga Ikko kuwa bashi ne. Limaman Gwandu da Kalgo da Jega, waɗanda masu motoci da masu albasa ke salla bayansu, su ne suka fi kowa damar faɗin wannan kafin kakar albasa ta kama.

Saura mas'ala ɗaya da mu ke roƙon malamai su amsa a wannan fili. Direba ya yi shekara goma sha biyar yana jan motar mutum ɗaya ba takarda. Wata rana birki ya tsinke a gangara, alhali ya sha faɗa wa mai mota birkin na bukatar gyara, aka ce ya lallaɓa sai an komo. Ya rasa ƙafa, yaron mota ya rasu. Shin maganin direba da cin iyalinsa na kan mai mota ta fuskar wajibi, ko kuwa kyautatawa ce in ya ga dama? Jinin yaron kuma, a wuyan wa ya ke, wanda ke riƙe da sitiyari ko wanda ya hana kuɗin gyara? Wanda zai amsa ya taimaka ya ambaci littafi da babi, domin masu motoci su iya kai wa malamansu su duba. Wassalam.